Kunkunniya a Bangon Fatmos

Wata uku ke nan ina bisa tsani
a wani ƙaramin coci da ke fuskantar teku,
auduga a tsinke, ruwa a gwangwani,
ina goge hayaƙin kyandir na shekara ɗari huɗu
daga zanen ƙarshen duniya.

Farin doki na fara cimma, ta kofato.
Ja ya biyo shi a mako na biyu.
Baƙin ne ya ba ni ruwa:
ina iyakar doki, ina farkon hayaƙi?
Sai da ma'aunin hannun mahayinsa ya bayyana
na tuna kakata Istamatiya
da shekarar da burodi ya fi zobe daraja,
ta tafasa ciyawar gindin dutse ta kira ta miya.
Ita kam ba ta nemi mai fassara ba.

Ƙarfe goma jirgin ruwa ke zubo baƙi.
Wani ya shigo da alƙalami a bayan kunne,
ya jera shida, shida, shida,
ya juya su har suka haifi sunan shugaban da ya ƙi jini,
ya ce mini saura shekara tara.
Na ce to.
Ubana Lamburos ma an taɓa ba shi tara,
ya mutu da furfura, yana bin maƙwabci bashin taru.

Fada Nektariyos, mai ji da kunne ɗaya,
shi ke riƙe mini tsani in iska ta taso.
Ya ce, Ebantiya, wanda ya ga wannan abu fursuna ne,
fursuna kuwa ba ya kama sunan sarki.
Sai ya ce dabba, ya ɗora mata kai bakwai,
mai gadi ya duba, ya ce tsoho ya zare,
ya bar wasiƙa ta haye.
Waɗanda aka aika wa ba su tambayi ma'anar ƙaho ba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ya ce kuma sunan abin, a harshenmu, ba halaka ba ne.
Ɗage murfi ne,
yadda uwa ke buɗe tukunya, tururi ya rufe mata ido,
kafin ta ga abin da ya nuna da abin da ya ƙone.

A tsakiyar bango na sa ran zaki.
Kwana shida ina neman geza.
Abin da ya fito ɗan rago ne,
bai kai tafin hannuna biyu ba,
jan layi a wuyansa,
kuma a tsaye yake.
Na sauko na zauna a dakali, ban ci abincin rana ba.

Abu guda ne har yau muke gardama a kai.
An ce a sabuwar ƙasa babu sauran teku.
Ni da aka yanke wa cibiya a bakin ruwa,
me zan yi da aljannar da ba ta ƙamshin gishiri?
Fada ya ce ga wanda aka kora, teku katanga ce.
Na yi shiru, don ƙanena Manolis
ya fita da asuba shekara goma sha ɗaya da ta wuce,
katangar ba ta dawo ko da takalminsa ba.

Jiya, can ƙasa, inda baƙi ba sa ɗaukan hoto,
ƙarƙashin ƙahonni da ƙaho-busa da taurari masu faɗowa,
audugata ta taɓo yatsa.
Babban yatsa ne, a kan kuncin wata mata,
mai zanen bai ma gama fuskarta ba.
Hawaye ɗaya, rabinsa a goge.

Na bar sauran har gobe.
Hannuna na rawa,
kuma fitilar ta kusa shanye manta.